Wa Za Ta Fara Ɗago Kai

Likitan ya ɗaga hoton ƙashin bayan ya kalla ta nan, ya karkata ya kalla ta can, sannan ya ajiye shi ya dubi Chizuru.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Waƙa ki yi ta yi, rawa ma ki ɗan taɓa, babu laifi. Amma doguwar rusunawar nan taku, ta ƙare."

"Ta ƙare kamar yaya?"

"Ta ƙare ƙarewa. Ƙashi biyu ne a nan ƙasa suka matse jijiya. In kika ci gaba da naɗewa biyu kina tsayawa a haka, wata rana za ki sunkuya ki kasa miƙewa, sai dai a kinkimo ki a kawo mana." Ya ɗan yi murmushi. "Ni fa na san rusunawar nan. Ina ƙarami mahaifiyata ta sha jan hannuna zuwa kallonku. Har fitsari na taɓa saki a wando ina jira ku ɗago."

Chizuru ta yi masa dariya don kada ya ji kunya, ta karɓi ɗamarar baya da aka ba ta, ta fito. A bakin asibitin ta tsaya da ledar a hannu, ta ma manta ta wane ɓangare ake hawa motar gida.

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san Mikanbako. Su biyu ne, Chizuru da ƙawarta Tokiko, kuma sunan ba komai yake nufi ba sai akwatin lemo, don a kan akwatunan lemo suka fara tsayawa suna waƙa a ƙofar kantuna, lokacin da babu mai ba su dandamali. An yi wani zamani da waƙarsu ɗaya ta shiga rediyo ta zagaye ƙasa, har aka kira su Tokyo suka fito a talabijin da riguna masu ƙyalƙyali. Zamanin bai daɗe ba. Suka tattaro suka dawo garinsu Yawatahama ba tare da ƙorafi ba, suka sayi 'yar mota mai ɗaukar kaya, suka ci gaba da abin da suka iya: bikin bazara, zauren gari, otal-otal ɗin wankan ruwan zafi, gidajen kula da tsofaffi, buɗe sabuwar gada. Shekara talatin da 'yan kai ke nan suna wannan yawo, kuma in ka tambayi Chizuru za ta ce maka ita ba ta ga rayuwar da ta fi tata daɗi ba.

Amma a faɗi gaskiya, ba muryarsu ce ta fi yin suna ba. Rusunawarsu ce. In sun gama waƙar ƙarshe sai su riƙe hannun juna, su sunkuya har gashinsu ya kusa share ƙasa, su tsaya a nan. Jama'a su yi ta tafi har hannu ya yi ja, su kuwa ko gezau. Sai labule ya sauko ya rufe su. In kuma wurin babu labule, sai Heisuke mijin Tokiko, Baban Rie kamar yadda take kiransa, wanda shi ne direba, shi ne mai ɗaukar kaya, shi ne mai kula da na'urar sauti, ya saki kiɗan sallama, to a lokacin ne za su miƙe tare su juya da gudu su fice. Ba a taɓa ganin ɗayarsu ta ɗago kai don ra'ayin kanta ba.

Dalilin Chizuru a fili yake a wurinta. Ta girmi Tokiko da shekara biyu, amma wannan lissafin cikin gida ne. A sana'a, wanda ya riga ka hawa dandamali shi ne babbanka, ko da kuwa kai ka yi goyonsa. Tokiko tun tana 'yar firamare take cin gasar waƙar yara, ita kuwa Chizuru sai da ta gama sakandare, ta yi aikin ware lemo a rumbun ƙungiyar manoma, kafin ta taɓa riƙe makirufo. To ina ƙarama za ta riga babba ɗago kai a gaban mutane? Don haka take jira. Kullum tana sunkuye tana leƙen takalmin Tokiko ta gefen ido ko zai motsa, takalmin nan kuwa bai taɓa motsawa ba. Tun abin yana ɗan gajere, har ya yi ta tsawo shekara bayan shekara, jama'a suna ƙara so, Heisuke yana ƙara jan lokaci. Chizuru ta daɗe da yanke wa ranta cewa rusunawar nan ita ce abin alfaharin Tokiko.

Kuma ba haka kawai ta yanke ba. Da kunnenta ta ji, a ɗakin shiri na wani biki, Tokiko ta tsare wasu 'yan mata masu waƙa da suka gyaɗa wa jama'a kai kawai suka sauko. "Wannan ce godiyar? Mutane sun bar aikinsu sun zo sun zauna muku! Mai waƙar da ba ta iya godiya ba, ta sauka ta ba mutane wuri." Yaran har da hawaye. Chizuru a ranar gyaɗa kai ta yi ta yi a gefe, tana cewa gaskiya ne.

Yanzu ga maganar ta dawo kanta. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta yana Osaka, kullum in ya kira waya sai ya ce ɗaki yana nan an gyara mata, ta bar yawon nan haka. Ta taɓa kwana a ɗakin. Tagarsa bangon wani gini take kallo. In Tokiko ta ce ta sauka, can za ta ƙare, tana naɗe wa jikoki safa. Saboda haka ta ɗaura ɗamarar nan a ƙarƙashin riga ta ja bakinta ta yi gum.

Ranar bikin lemo ta zo, rana tas, sama wasai. Kaka ce, duwatsun da suka kewaye garin duk sun yi ruwan lemo tun daga ƙasa har sama. A filin bakin tashar jirgin ruwa aka kafa dandamalin, fili fetal, babu labule babu rufi, ga rumfunan masu sayar da lemo da kifi sun zagaye shi.

A mota Chizuru ta so ta yi maganar. Tokiko tana gaba tana cin ƙosan kifi mai zafi daga takarda, tana miƙo mata ta baya ba tare da ta waiwayo ba.

"Ungo, Chii. Ci ki yi ƙarfi. Jiya a gwaji kin tsaya ƙiƙam kamar an dasa ki."

"Toko, ina so in ce..."

"Ce mana. Baban Rie, a hankali! Ganguna ne a baya, ba duwatsu ba. Mutumin nan tuƙinsa sai ƙara lalacewa yake. Ina jin ki, Chii."

Sunayen nan, Chii da Toko, wani manaja ne ya laƙaba musu tun farkon fari, don su yi daɗin faɗa a rediyo. Suka bi su har gida. Babu yaya babu ƙanwa a cikin sunayen, kuma ba wadda ta taɓa kiran ɗaya da wani abu daban.

"Cewa zan yi ƙosan nan gishiri ya yi masa yawa," in ji Chizuru.

"Ji ta! Ki dawo min da abina to, uwar iyayi."

"Na riga na ciza."

Heisuke ya yi ta zagaye yana neman wurin ajiye mota, ya rasa, ya cusa ta a wani lungu kusa da ƙofar kasuwar kifi, ya ce ai ba daɗewa za su yi ba. Da Tokiko ta shige tantin canza kaya, Chizuru ta lallaɓa ta same shi yana warware wayoyi.

"Maigida, alfarma nake nema."

"Faɗi, ranki ya daɗe."

"Yau in mun sunkuya, ka saki kiɗan da wuri. Kada ka ja."

Ya tsaya da wayar a hannu ya dube ta, ya dubi tantin, ya sake dubanta. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai kuma ya sosa ƙeya.

"To, na ji. Amma kin san mutane don rusunawar nan suke zuwa."

"Na sani. Yau ɗaya dai. Kuma kada ka gaya wa Toko."

"Ni? Ni wa? Ai ni a gidan nan ba a tambayata komai."

Da azahar suka hau. Kai, ranar wasa ya yi daɗi! Chizuru tana taka dandamalin nan ta ji ciwon ya koma can wani wuri ya zauna. Ga mutanensu nan, duk ta san su. Ga tsofaffin matan rumbun lemo a layin gaba da tawul ɗinsu mai sunan Mikanbako, wanda wanki ya cinye rubutunsa. Ga Kumagoro, tsohon masunci mai sanda, wanda bai taɓa fashin wasansu ba kuma bai taɓa barin su gama magana bai tsoma baki ba. Ga matasa da jarirai a kafaɗa, waɗanda su ma a kafaɗa aka fara kawo su.

Tokiko ta ɗauki sama, Chizuru ta bi ta ƙasa, muryoyin suka haɗu yadda suka saba haɗuwa, ba sai ɗaya ta dubi ɗaya ba. Tsakanin waƙoƙi suka yi ta tsokanar juna. Tokiko ta ce wa jama'a Chii ta cinye mata ƙosai sannan ta kushe shi. Chizuru ta ce ai taimakonta ta yi, don rigar nan ta Toko in aka ƙara mata ƙosai ɗaya sai an kira tela. Kumagoro ya ɗaga sanda ya ce shi a shirye yake ya auri duk wadda ta fi ci. Aka fashe da dariya. Jirgin fito ya busa daga can bakin ruwa daidai tsakiyar wata waƙar soyayya, Tokiko ta juya ta ce masa, "Kai, ba muryarka ba ce nan," aka sake kwashewa.

Chizuru ta ji daɗi har cikin ranta. Wannan shi ne abin da take so a duniya, ba wani abu ba: iska mai ƙanshin teku da ɓawon lemo, da mutanen da suka san kowace kalma kafin ta fito daga bakinta. Ta ce a ranta, in ma yau ce ta ƙarshe, to ta yi kyau.

Suna cikin waƙar ƙarshe ne lasifikar masu shirya biki ta yi magana daga can bayan rumfuna, ana cigiyar mai farar mota da ya tare wa motar ƙanƙara hanya, ya zo ya janye maza kifi zai lalace. Chizuru ta ji sanarwar sama-sama, ba ta kawo komai a ranta ba. Ba ta ga lokacin da Heisuke ya dafe kai ya zame daga bayan na'urarsa ya ruga ba.

Waƙa ta ƙare. Suka ce sun gode da ƙarfi, suka ajiye makirufo a kan sandunansu, suka riƙe hannu, suka sunkuya.

Tafi ya ɓarke. Chizuru ta ji ɗamarar ta tokare mata haƙarƙari, ta cije. Ta ce yanzu kiɗa zai zo. Ta kalli katakon dandamali, ga wata 'yar tururuwa tana jan guntun wani abu. Kiɗa bai zo ba. Wani zafi ya taso daga ƙugunta ya gangara cinyar hagu har yatsun ƙafa. Ta leƙi takalmin Tokiko. Yana nan inda yake.

Tafin ya yi ƙarfi, ya ragu, wasu suka sake tayar da shi, ya sake raguwa. Kiɗa dai shiru.

"Ina mutumin nan ya shiga?" Muryar Tokiko ce, cikin raɗa, daga ƙarƙashin gashinta. A duk shekarun nan ba ta taɓa magana a cikin rusunawa ba.

"Oho," in ji Chizuru, da ƙyar.

"Zan kashe shi. Yau sai na kashe shi."

Suka ƙara tsayawa. Gumi ya ɗigo daga hancin Chizuru ya faɗa kusa da tururuwar.

"Chii."

"Na'am."

"Don girman Allah ki ɗago haka. Jiri nake ji. Idanuna har sun fara ganin taurari."

Chizuru ta ɗauka kunnenta ne. "In ɗago? Ni?"

"To wa? Akwai wata a nan?"

"Ke za ki fara mana. Ke nake jira."

"Ni kike jira? A kan me?"

"Ke ce babba."

Hannun Tokiko ya matse nata har ta ji zafi. "Ni ce me? Chii, shekara biyu kika ba ni! Kakata da ta raine ni, da ta ga na riga wanda ya girme ni ɗago kai, da sai ta fasa min baki. Ke nake jira, baiwar Allah!"

"Kin riga ni hawa dandamali."

"Gasar yara? Wadda ake ba mu fensir? Ita kike lissafawa?"

"Ai dandamali dandamali ne."

"Tun yaushe kike jirana?"

"Tun kan akwati."

Sai Chizuru ta ji kafaɗar Tokiko tana girgiza. Dariya take yi, irin wadda ba ta da sauti, wadda ke fita ta hanci.

"Wayyo ni Tokiko. Na tsani abin nan, Chii. Na tsane shi! Ga hawan jini, ga jiri. Shekara nawa ina roƙon Baban Rie ya riƙa sakin kiɗan da wuri, sai ya ce mutane suna so, kuma ai Chii ba ta motsa ba. Ni kuma in ce, kai, matar nan akwai son a yabe ta."

"Ni ma haka nake cewa a kanki."

"Munafuka!"

"Ke ce dai."

Dariya ta taso wa Chizuru, tana tasowa kuwa wani abu ya ce ƙas a bayanta. Numfashinta ya ɗauke. Ta gwada ɗaga ƙirji kaɗan, ta ji kamar an soka mata wuƙa. Abin da likita ya faɗa, ga shi nan ya zo, a gaban garin duka.

"To na ji, ɗago mu tafi," in ji Tokiko. "Ke ce yaya, na ce ke ce yaya."

"Ba zan iya ba."

"Haba, kada ki fara min..."

"Toko, ba kunya ba ce. Bayana ya riƙe. Ba zan iya miƙewa ba."

Ta gaya mata, a guntule, tana haki. Likita, da ƙashin da ya matse jijiya, da ɗamarar da ke ƙarƙashin rigarta. Ta ce an hana ta rusunawa har abada.

"Na san abin da kika ce. Wadda ba ta iya godiya ba ta sauka. Ba sai kin faɗa min ba, zan sauka da kaina. Yau ɗin nan kawai na so in gama da kyau."

"Ni na ce haka?"

"Ga yaran nan, a ɗakin shiri."

"Yaran da suke taunar cingam a kan dandamali? Su kika haɗa kanki da su? Chii, ashe ba ki da hankali ban sani ba? Kika ɗaure ciki da wannan kina ta yi min murmushi?" Raɗar tata ta fara zama faɗa. "Ki sauka ki bar ni da wa? Da Baban Rie? Shi zai ɗaukar min ƙasa?"

Hawaye ne yake bin goshin Chizuru maimakon kumatu, saboda yadda kanta yake a kife.

A lokacin ne ta lura babu tafi. Ya ɗauke gaba ɗaya, ba ta ma san tun yaushe ba. Ba tari, ba surutu, sai kukan tsuntsayen teku da wani jariri can nesa. Ta ce shi ke nan, sun gaji sun watse, an bar tsofaffi biyu suna sunkuye wa kujeru.

"Toko, sun tafi ne?"

"Bari in gani. Kaka, ki yafe min." Tokiko ta ja numfashi. "Yau ɗaya ni ce babba."

Takalmin nan ya motsa. Chizuru ta ga ya ja baya kaɗan, ya gyara tsayuwa, ta ji hannun da ke riƙe da nata ya yi sama. Sai kuma shiru.

"Mene ne? Toko, yi magana mana."

"Tabɗijam," in ji Tokiko a hankali. "Chii, kin ga abin da muka jawo? Tsaya. Kada ki yi ƙoƙari, sakar min nauyinki."

Ta durƙusa ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin ƙirjin Chizuru, ta zagaya hannu ta tallafi ƙugunta, ta fara ɗagawa sannu sannu. Chizuru ta cije leɓe, ta riƙe wuyan rigar Tokiko har ɗinkin ya yi ƙara. Katako ya wuce, bakin dandamali ya wuce, sannan filin ya bayyana a gabanta.

Babu wanda ya tafi. Duk suna tsaye, kuma duk suna sunkuye. Da hannu ya gaji da tafi, kiɗa bai zo ba, matan nan biyu kuma ba su ɗago ba, sai wata a layin gaba ta ga bai kamata a yi ta yi musu godiya haka suna zaune ba, ta miƙe ta rama. Na kusa da ita ya bi, na baya ya bi. Tun daga gaban dandamali har rumfunan lemo ba ka ganin komai sai tsakiyar kawuna, furfura da sanƙo da huluna. Mai suyar ƙosan kifi yana sunkuye da matsami a hannu. Kumagoro ya tokare da sandarsa, gwiwoyinsa suna kaɗawa. Kuma da yake masu waƙa ne suka fara, babu mai ɗagowa sai sun ɗago. Wata 'yar yarinya ce kawai ta leƙo ta tsakanin ƙafafun ubanta, ta ga Chizuru, ta ɗaga mata hannu.

Tokiko ta miƙa hannu ɗaya ta janyo makirufo, ɗayan yana riƙe da Chizuru.

"Jama'a," ta ce. "Don Allah ku ɗago. Mun ɗago."

Wani irin nishi ya tashi a filin nan gaba ɗaya. Kawuna suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowa hannu a ƙugu, fuskoki jajur, ana "wash" ana "wayyo bayana". Matan rumbun lemo suna jan juna suna miƙewa.

"Ku 'yan nan!" Kumagoro ya daka tsawa yana haki. "Da kun ƙara kaɗan, a nan za a yi jana'izata!"

"Yi haƙuri, Baba," in ji Tokiko. "Laifin yayata ne. Ga ta nan, ku gan ta, ashe ni take jira, ni kuma ita nake jira, tun muna kan akwati." Ta dakata har dariyar ta lafa. "To ku saurara. Bayan Chii ya ce ya gaji, nawa kan ma ya gaji. Daga yau Mikanbako gyaɗa kai kawai za ta riƙa yi muku. Wanda bai yarda ba, ga dandamali, ya hau ya yi da kansa."

Tafin da aka yi a nan ya fi duk wanda suka taɓa samu, har da shewa, har mai ƙosai yana buga matsami a jikin kasko.

Can sai ga Heisuke ya kutso ta cikin mutane a guje, makullin mota a hannu, ya faɗa kan na'urarsa ya danna. Kiɗan sallama ya tashi. Ya ɗago yana haki, ya ga matan a tsaye, ya ga matarsa tana yi masa wani kallo, ya koma ya zauna a hankali.

Ƙafar Tokiko ta juya da kanta za ta fice, yadda ta saba. Chizuru ta riƙe ta.

"Tsaya kaɗan."

"Ciwon ne?"

"Ciwon yana nan. Ba shi ba ne."

Kallon mutanen take yi. Ta san fuskokinsu a farkon wasa, ta san su a tsakiya, suna dariya suna bin waƙa. Amma a ƙarshe, in an gama, katako kawai ta sani da takalmin Tokiko. Ga wata tsohuwa tana share ido da tawul tana dariya. Ga wani ya ɗora ɗansa a wuya yana nuna masa su. Ga Kumagoro ya zauna yana fifita da hula, bakinsa har kunne.

"Ashe haka suke in mun gama," ta ce.

"Haka suke mana," in ji Tokiko, ko da yake ita ma yau ta fara gani. Ta ja hanci. "Kada ki sa ni kuka, kwallina zai zube. Ranar Asabar muna da otal ɗin nan na kan dutse. Zan sa a ajiye miki kujera."

"Ni ba zan yi waƙa a zaune ba."

"To a tsaye. Ni dai ki zo."

"Zan zo."

Kiɗan ya kai ƙarshe ya tsaya, su kuwa suna nan tsaye, ɗaya ta jingina da ɗaya. Chizuru ta dubi mutanenta, ta gyaɗa musu kai a hankali, idonta a buɗe.